Komai Nisan Jifa Ƙasa Zai Faɗo, Amma da Wane Gudu?

Yau za mu ɗauki karin maganar da kowa ya sani, wato "komai nisan jifa ƙasa zai faɗo", mu yi mata tambayar da masu karin magana ba su yi ba. Mun yarda zai faɗo. To da wane gudu zai iso ƙasa? Kuma me ya sa dutse yake faɗowa tim, amma audugar rimi sai ta yi ta lilo a sama kamar ba ta son sauka?

Wannan darasi yana cikin manhajar fiziks ta babbar sakandare, kuma yakan fito a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Bayan jarrabawa ma, sanin sa yana iya hana mutum yin gangancin da zai jawo asarar rai. Saboda haka ku ɗauko biro da takarda, akwai ɗan lissafi a gaba, amma ba mai wuya ba ne.

Abin da ke jawo abu ƙasa

Duniya tana jawo duk abin da ke kusa da ita zuwa tsakiyarta. Za ku ji wasu suna kiran wannan ƙarfi maganaɗisun ƙasa, sai dai ku lura ba irin maganaɗisun da ke kama ƙusa da allura ba ne, domin wannan yana jan itace da ruwa da roba da mutum, bai ware komai ba. Mu a nan za mu kira shi jan ƙasa. Ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi, shi ne nauyin abin, kuma ana auna shi da ma'aunin da ake kira niyuton. Kilogiram kuwa yana auna yawan abin da ke jikin abu ne, wanda a fiziks ake kira mas. Idan kuna son nauyi, sai ku ninka mas da lambar nan da ake rubutawa g, wadda take kusan 9.8, amma a jarrabawa yawanci akan ce a ɗauke ta 10. Ke nan buhun masara mai kilogiram 50 nauyinsa niyuton 500 ne.

Wannan lamba g tana da wata ma'ana kuma. Idan aka saki abu, kuma babu abin da ya tare shi, gudunsa yana ƙaruwa da mita 10 cikin sakan a kowane sakan. Bayan sakan 1 yana gudun mita 10 cikin sakan, ya kuma ci nisan mita 5. Bayan sakan 2 gudunsa ya kai 20, nisan ya zama mita 20. Bayan sakan 3 gudunsa 30, nisan mita 45. Ku duba da kyau: a sakan na farko ya ci mita 5, a na biyu 15, a na uku 25. Ku raba kowanne da 5, za ku sami 1, 3, 5. Ku riƙe waɗannan lambobi, za mu dawo kansu.

Gardamar da ta yi kusan shekara dubu biyu

Aristotal, masanin Girka da ya rasu shekara 322 kafin miladiyya, ya koyar da cewa abu mai nauyi ya fi marar nauyi saurin faɗowa, gwargwadon yadda ya fi shi nauyi. Maganar ta zauna a zukatan mutane saboda ta yi daidai da abin da ido ke gani kullum: dutse yana riga ganye isa ƙasa. Amma a 1586 wani masani mai suna Simon Stevin da abokinsa suka hau hasumiyar wani coci a garin Delft na ƙasar Holan, suka saki dunƙulen dalma biyu, ɗaya ya ninka ɗaya nauyi sau goma. Ƙarar faɗuwarsu ta zo kamar ƙara ɗaya.

Galileyo, mutumin Italiya da aka haifa a garin Pisa a 1564, shi ya warware zancen sosai. Ya kawo wata hujja da ko ɗan aji ɗaya zai iya bi. Ya ce mu ƙaddara Aristotal ya yi gaskiya, babban dutse ya fi ƙarami sauri. To mu ɗaure su biyun da igiya mu sake su. Ƙaramin zai riƙa jan babban baya, ke nan haɗin zai yi ƙasa da babban dutsen sauri. Amma kuma haɗin ya fi babban dutsen nauyi, ke nan dole ya fi shi sauri. Abu ɗaya ba zai zama ya fi sauri kuma ya gaza sauri a lokaci guda ba. Mafita ɗaya ce: nauyi ba shi ke yanke saurin faɗuwa ba. Galileyo bai tsaya a baki ba. Ya riƙa gangaro da ƙwallon tagulla a kan katako mai gangara yana auna lokaci da zubar ruwa, sai ya ga nisan da ƙwallon ke ci yana tafiya 1, 3, 5, 7, lambobin nan da muka gani ɗazu. Ya buga sakamakon a littafinsa na 1638.

Daga baya Isaac Newton na Ingila ya bayyana dalili a littafinsa na 1687. Gaskiya ne ƙasa ta fi jan abu mai kilogiram 10 a kan mai kilogiram 1 har sau goma. Amma mai kilogiram 10 ɗin ya fi wuyar motsawa, shi ma sau goma. Wanda ya taɓa tura baro wayam, ya kuma tura shi cike da yashi, ya san wannan. Ƙarin jan da ƙarin wuyar motsin sai su cinye juna, gudun ya tashi daidai.

Gani ya kori ji. Ranar 2 ga Agusta, 1971, ɗan sama jannatin Amurka David Scott, na kumbon Apollo 15, ya tsaya a kan wata, inda babu iska, riƙe da guduma a hannu ɗaya da gashin shaho a ɗaya hannun. Gudumar ta fi kilogiram ɗaya, gashin kuwa abin da iska ke wasa da shi ne a nan duniya. Ya sake su tare a gaban kyamara, suka taɓa ƙasa tare.

Iska ce ta raba gardama

To me ya sa a nan duniya gashin tsuntsu ba ya bin guduma? Saboda muna zaune ne a ƙarƙashin tekun iska. Duk abin da zai ratsa iska sai ya ture ta daga hanyarsa, ita kuma ta ture shi. Wannan turawa ita muke kira turjiyar iska, kuma kullum tana fuskantar kishiyar inda abu ya nufa. Idan abu yana yin ƙasa, ita sama take tura shi.

Abubuwa huɗu ne ke ƙara mata ƙarfi. Na farko gudu. Wanda ke tafiya a ƙasa ba ya jin iska, amma a kan babur sai riga ta riƙa kaɗawa. Ga manyan abubuwa masu sauri, idan gudu ya ninka sau biyu, turjiya tana ninkawa sau huɗu; idan ya ninka sau uku, ta ninka sau tara. Na biyu faɗin abu. Ba banza aka ce iska na wahalar da mai kayan kara ba: kayan ba nauyi, amma faɗinsa ya ba iska wurin kamawa. Na uku siffa, domin abu mai tsini ya fi mai faffaɗar fuska sauƙin keta iska. Na huɗu kaurin iskar kanta, wadda ta fi yawa kusa da ƙasa, tana raguwa yayin da ake yin sama.

Yadda ake kaiwa ƙurewar gudu

Mu ɗauki sojan laima wanda shi da kayansa suka kai kilogiram 80. Nauyinsa niyuton 800 ke nan, kuma wannan lamba ba za ta canza ba har ya sauka. Don sauƙin lissafi, mu ce turjiyar iska tana kai niyuton 800 idan gudunsa ya kai mita 50 cikin sakan.

Lokacin da ya fara faɗowa, gudunsa na yin ƙasa sifiri ne, babu turjiyar da ke tura shi sama. Duk niyuton 800 ɗin suna aiki, sai mu raba da 80, gudunsa na ƙaruwa da 10 kowane sakan. Da gudunsa ya kai 25, wato rabin 50, turjiya ta zama kashi ɗaya cikin huɗu na 800, wato 200. Ragowar ƙarfin da ke jan sa ƙasa 600 ne, a raba da 80, an sami 7.5. Da ya kai 40, turjiya ta hau zuwa 512, saura 288, ƙaruwar gudu ta sauko 3.6. Kun ga har yanzu gudunsa ƙaruwa yake yi, amma a hankali a hankali. Da ya kai 50, ƙasa na ja da 800, iska na turawa da 800, ragowa sifiri. Daga nan gudunsa ba zai ƙaru ba kuma. Wannan gudu shi ne ƙurewar gudu, wanda malamin fiziks yake kira taminal belositi.

A zahiri, mutumin da ya faɗo ruf da ciki ya baza hannuwa da ƙafafu yana kai kimanin kilomita 200 cikin awa, bayan kamar sakan 12 da faɗuwar kusan mita 450. Idan ya haɗe gaɓoɓinsa ya sa kai ƙasa, faɗinsa ya ragu, sai gudun ya haura haka sosai.

Da ya buɗe laima, faɗi ya ƙaru ƙwarai, turjiya ta zarce nauyi nesa ba kusa ba, sai gudunsa ya fara raguwa. Yana raguwa turjiya na raguwa, har ta sake yin daidai da niyuton 800 a wani sabon gudu, kimanin mita 5 cikin sakan. Wannan daidai yake da wanda ya diro daga katanga mai tsayin mita ɗaya da kwata. A fim za ku ga kamar laima ta fizge mutum ta yi sama da shi. Ba haka ba ne. Mai ɗaukar hoton ne bai buɗe tasa ba tukuna, ya wuce shi ya ci gaba da yin ƙasa da sauri.

Inda ɗalibai ke zubar da maki

Kuskure na farko shi ne a ce tunda ƙarfi biyu sun yi daidai, abin zai tsaya cak a sama. Dokar Newton ta farko ta ce idan ragowar ƙarfi sifiri ne, abin da ke tsaye zai ci gaba da tsayuwa, abin da ke tafiya kuma zai ci gaba da tafiya da gudu ɗaya. Abin da ya zama sifiri shi ne ƙaruwar gudu, shi gudun kansa a lokacin ne ma ya kai ƙololuwa.

Na biyu shi ne a ce jan ƙasa ya ƙare ko ya ragu. Nauyi yana nan yadda yake tun daga sama har ƙasa. Turjiya ce take ta hawa har ta kamo shi.

Na uku wajen zana giraf na gudu da lokaci. Layin yana farawa daga sifiri da tsananin hawa, ya riƙa lanƙwasa a hankali, daga ƙarshe ya kwanta ya miƙe. Kada ku zana shi miƙaƙƙe sannan ya karye kwatsam.

Na huɗu ya shafi faɗuwa cikin ruwa. A ɗakin gwaji akan cika doguwar kwalbar awo da gilisarin ko man inji, a saki ƙwayar boris a ciki, a auna lokacin da take ɗauka tsakanin alamomi masu tazara ɗaya. Idan lokacin ya daina canzawa, ta kai ƙurewar gudu. A nan ƙarfi uku ne, ba biyu ba: nauyi yana yin ƙasa, turjiyar man tana yin sama, sannan akwai tunkuɗar da ruwa ke yi wa duk abin da aka nutsar a cikinsa, ita ma sama take yi. Ke nan a ƙurewar gudu, nauyi daidai yake da turjiya a tara da tunkuɗa. Wanda ya manta tunkuɗa ya zubar da makin tambayar. George Stokes ne ya fitar da lissafin turjiyar irin waɗannan ƙananan ƙwallaye a 1851.

Dubi abin da ke kewaye da ku

Me ya sa ƙananan abubuwa suke saukowa a hankali? Idan aka rage tsawo da faɗi da kaurin abu kowanne sau goma, fuskar da iska ke kamawa tana raguwa sau 100, amma nauyinsa yana raguwa sau 1,000. Ke nan nauyi ya fi faɗi saurin zubewa, sai ɗan gudu kaɗan ya isa iska ta daidaita shi. Shi ya sa tururuwa za ta faɗo daga kan soro ta ci gaba da tafiyarta.

Ruwan sama ma haka. Da babu iska, ɗigon da ya taso daga girgije mai tsayin mita 2,000 zai iso da gudun mita 200 cikin sakan, wato kilomita 720 cikin awa. Ba gonar da za ta rayu, ba wanda zai fita waje. Amma saboda turjiya, ko mafi girman ɗigo ba ya wuce kimanin mita 9 cikin sakan, yayyafi kuwa bai kai haka ba ko kusa. Ƙanƙara, idan ta yi girma, ta fi ɗigon ruwa nauyi idan aka kwatanta da faɗinta, shi ya sa take yayyaga ganyen masara ta lotsa kwanon rufi.

Idan iyayenmu mata suna shiƙar gero, wannan ilimi suke aiki da shi. Ƙwayar hatsi tana saukowa da sauri, iska ba ta samun lokacin kauce da ita. Ƙaiƙayi kuwa ƙurewar gudunsa kaɗan ce, yana daɗewa a sama, sai iska ta kwashe shi gefe.

Ƙurar hunturu ta fi kowa nuna abin. Mafi yawanta tana tasowa ne daga Sahara, musamman kwarin Bodele da ke arewacin Chadi. Ƙwayar ƙurar da kaurinta kashi ɗaya ne cikin ɗari na milimita ba ta kai gudun santimita ɗaya cikin sakan ba wajen faɗuwa. Idan iska ta ɗaga ta mita 1,000, sai ta fi kwana ɗaya kafin ta sauko, ko da iskar ta kwanta. A wannan tsakani an riga an kawo ta Maiduguri ko Damagaram ko Kano. Wadda ta fi ta ƙanƙanta har tekun Atilantika take hayewa ta sauka a dajin Amazon.

A ɗaya gefen kuma, ranar 14 ga Oktoba, 2012, Felix Baumgartner ɗan ƙasar Ostiriya ya diro daga balan-balan a tsayin kusan kilomita 39 a sararin jihar New Mexico ta Amurka. A can kaurin iska bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na wanda muke shaƙa ba, turjiya ba ta da ƙarfi. Cikin ƙasa da minti ɗaya ya haura kilomita 1,350 cikin awa, ya fi sauti gudu. Da ya shigo iska mai kauri sai gudunsa ya ragu da kansa tun kafin ya buɗe laima.

Gargaɗi

Kada wani ya ji wannan bayani ya ɗauka iska za ta cece shi. Mutum yana buƙatar ɗaruruwan mitoci kafin turjiya ta yi wani tasiri, kuma ƙurewar gudun nasa ma ba na rayuwa ba ne. Wanda ya zame daga reshen mangwaro mai tsayin mita 5 zai bugi ƙasa da gudun kilomita 36 cikin awa. Daga mita 20, kamar zurfin wata rijiya, kilomita 72 ne, tamkar mota ta kaɗe shi a kan titi. Bulon da ya suɓuce daga saman gini ma haka yake, shi ya sa ake tilasta wa ma'aikatan gini sa hular kwano, kuma bai kamata ku ratsa ta ƙarƙashin ginin da ake aiki ba don yanke hanya.

Harsashin da ake harbawa sama wajen biki ko murna shi ma jifa ne, ƙasa zai faɗo. Ƙarami ne, mai nauyi, mai santsi, don haka ƙurewar gudunsa babba ce: na babbar bindiga yakan dawo da kimanin mita 90 cikin sakan, gudun da ya isa ya huda fata ya fasa ƙashin kai. Wanda aka harba a karkace ya fi haka haɗari. Idan kun ji ana harbi sama, ku shiga ƙarƙashin rufi mai ƙarfi, ku ja ƙannenku.

Gwajin gida da aikin mako

Ku yago takarda biyu masu girma ɗaya daga tsohon littafi. Ku dunƙule ɗaya, ku bar ɗaya a buɗe, ku sake su tare. Nauyinsu ɗaya, amma dunƙulalliyar za ta riga sauka. Sannan ku ɗora buɗaɗɗiyar a kan littafin da ya fi ta faɗi, ku sake su. Za ta bi littafin su sauka tare, domin littafin ya tare mata iska.

Bayan haka ku yanka tsohuwar jarida ku yi ƙananan malafa biyar masu girma ɗaya. Ku cusa huɗu cikin juna, ku bar ɗaya ita kaɗai, ku hau benci ku sake su tsini na kallon ƙasa. Benci ya isa, ban da hawa katanga ko rufi. Ku lura da wadda ta riga, ku nemi dalili.

Ga tambayoyin mako, ku ɗauki g a matsayin 10. Ta ɗaya: ɗan giginya ya faɗo daga tsayin mita 12.8, idan ba a lissafa iska ba, da wane gudu zai bugi ƙasa? Ta biyu: sojan laima mai kilogiram 70 shi da kayansa yana saukowa da gudun da ba ya canzawa, mita 6 cikin sakan, nawa ne ƙarfin turjiyar iska a kansa? Ta uku: malafa huɗu sun ninka ɗaya nauyi sau huɗu, me ya sa ƙurewar gudunsu take ninkawa sau biyu kawai?

Ku yi su tare da abokan karatunku, ku nuna wa malaminku na fiziks. Amsoshi suna nan tafe mako mai zuwa, in da rai da lafiya. Sai mun haɗu.